Idan agogunan gaban direba sun karkace: yadda za a gyara su a tsohuwar mota

A bayan sitiyarin kowace mota akwai agoguna da fitilu masu gaya wa direba halin da inji yake ciki. Akwai maleji mai nuna gudu. Akwai agogon fetur, da na zafin inji, da na baƙin mai. Sa'ad da mota ta tsufa, waɗannan agoguna sukan karkace, ko su riƙa rawa a mazauninsu. Mutane da yawa sukan ce ba komai tun da mota tana tafiya. Amma direba yakan kalli agogo da wutsiyar ido ne kawai, ya tuna inda allura ta saba tsayawa. Idan agogon ya juya, ko sitiyari ya rufe jar fitilar baƙin mai, zai iya ci gaba da tafiya har inji ya buga. Kuɗin gyaran inji kuwa ya ninka kuɗin roba ko sukuru sau da yawa.

Za mu ɗauki misali daga tsofaffin ƙananan motoci guda biyu waɗanda aka ƙera domin gudu, gama su ne suka fi nuna hanyoyi biyu da ake ɗaura agoguna.

Hanyoyi biyu na ɗaura agoguna

Ta fari ita ce Porsche 911 ta ƙasar Jamus, wadda aka fara sayarwa a 1964. Injinta yana baya, iska ce kuma take sanyaya shi, har zuwa 1998 da aka daina ƙera irin wannan inji. Tana da agoguna biyar, kowanne da raminsa. Agogon juyin inji ne a tsakiya. A motocin shekarun 1970 zuwa gaba, babu sukurun da yake riƙe su. Zoben roba ne ake sa wa kowane agogo, a tura shi cikin rami ya matse. Idan robar ta bushe saboda zafin rana da daɗewa, sai agogon ya riƙa juyawa kaɗan kaɗan.

Ta biyu ita ce Mazda MX-5 ta Japan, wadda ta fito a 1989. A wannan mota dukan agogunan suna cikin akwati ɗaya na roba mai tauri, sukuru huɗu ne suke riƙe shi, da murfi a samansa. Idan kunnen akwatin ya karye, ko sukuru ɗaya ya faɗi, sai gefe ɗaya ya sauka. Yawancin tsofaffin motocin da muke gani a hanyoyinmu, har da Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975, akwati ɗaya suke da shi. Gargadar hanya kuma takan gaggauta kwancewarsa.

Ku fara gano abin da ya karkace

Kada ku yi hanzarin kwancewa. Ku tsayar da mota a wuri mai lebur, ƙafafun gaba a miƙe. Ku zauna a kujerar direba ku duba abubuwa uku.

Na ɗaya, sitiyari. Idan shi ne ya karkata, ido zai ga kamar agoguna ne. Wannan aikin mai saita ƙafa ne, ba na agogo ba.

Na biyu, akwatin ko jikin agogon. Ku danna kowane gefe da yatsa. Idan ya motsa, matsalar tana wurin ɗauri.

Na uku, allura. Idan lambobi suna tsaye daidai amma allura ba ta komawa sifili bayan an kashe mota, matsalar tana cikin agogon ne.

Ku sani kuma, masu tsere da 911 sukan juya agogon juyin inji da gangan, domin jan layi ya dawo sama inda ido zai gan shi nan da nan. Idan agogo ɗaya ne kaɗai ya juya amma yana da ƙarfi a raminsa, mai yiwuwa wani ne ya sa shi haka.

Kayan aiki

Sukudireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, sifana ta kan batir, tsumma mai laushi, tocila, farin salatif da biro, da ƙaramin kwano na tara sukuru.

Kafin a taɓa komai

Ku cire wayar batir mai alamar ragi. A MX-5 batir yana cikin but na baya, a 911 kuwa yana gaba. Idan motar tana da jakar iska a sitiyari, ku jira minti goma bayan cire batir, kada kuma ku taɓa soket mai launin ɗorawa. Ku shimfiɗa tsumma a kan wuyan sitiyari domin kada gilashi ya karce.

Gyaran agogo mai zoben roba

Idan robar tana da sauran laushi, ku kama bakin agogon da yatsu ku juya shi a hankali har ya daidaita. Idan ya ƙi, ko kuwa yana juyawa ba wuya, sai a fitar da shi. Kada a sa ƙarfe a ɓanɓare bakinsa, gama zai lanƙwashe. Gara a turo shi daga baya. Da zarar ɗaya ya fita, hannu zai shiga ta raminsa ya turo na kusa da shi.

Kafin ku zare kowace waya, ku manna mata salatif ku rubuta lamba, ku ɗauki hoto da wayar hannu. Ku sa sabon zobe, ku shafa masa ɗan ruwan sabulu. Kada ku shafa baƙin mai ko giris, domin suna cin roba, agogon kuma zai sake juyawa. Idan babu sabon zobe, a naɗa wa jikin agogon salatif zagaye ɗaya ko biyu a ƙarƙashin tsohuwar robar. Kada a sa gam, domin wata rana za a bukaci canja ƙwan fitila.

Gyaran akwati mai sukuru

Ku cire murfin a hankali. Tsohuwar roba tana da saurin fashewa, musamman da safe lokacin hunturu, saboda haka ku bari rana ta ɗan ɗumama motar. Ku kwance sukuru, ku jawo akwatin kaɗan. A tsofaffin motoci akwai kebul na maleji da ya taso daga giya ya shiga bayan akwatin. Ku saki makamarsa tukuna, kada ku fizga.

Yanzu ku duba baya da tocila. Sau da yawa za ku tarar da ɗaya daga cikin waɗannan: kunne ya karye, ƙaramar robar da akwatin yake zama a kai ta ɓata, ko kuwa tarin wayoyi ya maƙale a bayansa tun ranar da aka sa rediyo. Kunnen da ya karye ana iya ƙarfafa shi da guntun kwano da gam mai haɗi biyu, a bar shi ya kwana. Inda roba ta ɓata, a yanka tsohon tyub a sa.

Wajen mayarwa, ku sa dukan sukuru sako-sako, ku koma kujera ku duba, ku daidaita, sa'an nan ku ɗaure su bi da bi. Kada ku matse da ƙarfi. Yawan matsewa ne yake karya kunnuwan.

Gwaji bayan gyara

Ku mayar da batir, ku murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Fitilar batir da ta baƙin mai dole su kama, su mutu bayan inji ya tashi. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. A tsofaffin motoci da yawa, ta cikin ƙwan fitilar batir ne wutar farko take bi ta tayar da na'urar caji. Idan ƙwan ya mutu ko soket bai shiga sosai ba, batir zai iya ƙarewa a tsakiyar hanya.

Ku gwada maleji kuma. Motar da take gudun kilomita 60 a awa takan cinye kilomita ɗaya a minti ɗaya daidai. Wani ya zauna a gefe ya auna da agogo, ko da wayar hannu mai nuna gudu. Dokar da motocin Turai suke bi ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu. An yarda ya wuce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Wato mai gudun 100 zai iya ganin har 114. Idan naku yana nuna ƙasa da gaskiya, ku kai wa mai gyaran agogon mota. Cire allura da mayar da ita aiki ne na gwani, gama sandar da take zaune a kai siririya ce, tana karyewa. Kada kuma a yarda wani ya mayar da lambobin tafiya baya sa'ad da akwatin yake buɗe. Yin haka ruɗin mai saye ne, yakan kuma ɓata lissafin lokacin juyen mai.

Tambayoyi domin tattaunawa

A cikin motocin da suke ɗaukar mutanenmu zuwa kasuwa ko asibiti, guda nawa ne agogunansu suke aiki?

Direbobinmu sun san abin da za su yi nan take idan jar fitilar baƙin mai ta kama?

Wane ne a yankinmu ya iya wannan aiki, zai kuma yarda ya koya wa matasa?