Mota Ta Samu Makwanci, Mutum Na Neman Ɗaki

A yawancin biranen Amurka, mai son gina gidajen haya ba zai samu izinin hukuma ba sai ya nuna inda motoci za su kwana. Tun tsakiyar ƙarni na 20 wannan doka ta zama ruwan dare: kowane gida sai an ware masa gurbin mota ɗaya ko biyu, ko da ɗan hayar bai mallaki ko keke ba.

Gurbi ɗaya, haɗe da hanyar shiga da ta juyawa, yana cin kusan murabba'in mita 30, wato girman ciki da falo. Idan fili ya yi kaɗan, sai a haƙa ƙarƙashin ƙasa, kowane gurbi ya lashe dubban daloli. Mai gini kuwa ba daga aljihunsa zai biya ba, a kuɗin haya zai fanshe. Matar da ke sammakon shiga bas zuwa wurin aiki, duk wata tana biyan kuɗin gurbin da babu abin da ta taɓa ajiyewa a ciki. Wani filin ma haka za a bar shi ciyawa ta cinye, saboda lissafi ya ƙi fita.

Farfesa Donald Shoup na jami'ar UCLA ya tona wannan asiri a littafinsa na 2005, inda ya nuna cewa fakin na kyauta akwai mai biyansa. Sannu a hankali aka saurare shi. Birnin Buffalo ya soke tilascin a 2017. Minneapolis ta fara sassautawa a kusa da layukan bas da jirgin ƙasa a 2015, ta soke baki ɗaya a 2021. A 2022 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar da ta hana biranen Kalifoniya tilasta gurbin mota a gine-ginen da ke cikin rabin mil daga babbar tasha.

Ba a hana kowa gina gareji ba, dole kawai aka cire. Mai gini zai duba masu shiga gidan, ya tanadi gwargwadon bukatarsu.

Maƙwabta kan yi ƙorafin cewa motoci za su cika musu ƙofar gida, kuma suna da hujja. Maganin da Shoup ya bayar shi ne a sa kuɗi kan fakin a bakin titi, a kashe abin da aka tara wajen gyaran unguwar. Mai mota ya biya wa motarsa, mai tafiya tasha da ƙafa ya biya kuɗin ɗakinsa kaɗai.