Ba Kowane Jini a Fitsari Ne Tsargiya Ba

Yaro zai ce fitsarinsa ya yi ja, uba ko ɗaga kai ba zai yi ba: "Tsargiya ce, wankan kududdufi ya ja maka." A aika kemis a sayo magani, an rufe magana. Bayan wata uku jini na nan, a sake sayowa. Wasu ma har yau alamar balaga suke ɗaukar abin! Sai yaro ya haura ashirin, ƙafafu sun kumbura, likita na maganar wankin ƙoda, sannan a fara salati.

Tsargiya na da yawa, ba musu. Amma a cikin ƙoda akwai siririn tantani mai tace jini kamar rariya, wanda furotin da ake kira kolajin nau'i na 4 ke riƙe da shi. Ƙwayar gado mai suna COL4A5 ce ke sarrafa ɗaya daga cikin zarensa. In ta zo da tawaya, tantanin zai yi rauni, jini ya fara zurara cikin fitsari, ƙoda ta riƙa lalacewa a hankali. Wannan shi ne ciwon Alport, sunan likita Cecil Alport da ya bayyana shi a wani dangi a Ingila a 1927. Kolajin ɗin na cikin kunne da ido ma, shi ya sa jin yaron ke raguwa, malami na dukansa wai ya raina shi.

Ciwon ya fi tsananta ga maza, kuma namiji ta wajen uwa yake gadon tawayar COL4A5 ɗin. Uba mai ciwon kuwa 'ya'yansa mata yake ba. Kada wannan ya zama abin yi wa mace gori, galibi ita ma gada ta yi. A dai bincika: cikin kawunnan yaro akwai wanda ƙoda ta kashe da ƙuruciya, ko ya kurumce?

Gwajin fitsari nawa ne, jama'a? In an sha maganin tsargiya, a koma asibiti a sake gwadawa ko da fitsarin ya washe, domin sau da yawa jinin ba ya ganuwa da ido. A gwada ƙanne da uwar ma. Ciwon ba ya warkewa, amma magungunan hawan jini irin su ramipril, in likita ya fara ba da su da wuri, suna jinkirta wankin ƙoda da shekaru. A kuma daina ɗirka wa irin wannan yaro diclofenac da ibuprofen don ya ce kansa na ciwo.