Burbushin Halittu: Daga Ramin Daimon zuwa Ƙwaryar Kan Tumai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da dillalan daimon a Kasuwar Kilomita Biyar ta Bangi ya ji yadda masu haƙa a Karno da Biriya ke kwatanta raminsu: baƙar ƙasa a sama, sai yashi ko laka, sannan tsakuwar da ake wankewa. Masanin ƙasa Nicolas Steno ya mayar da wannan lura ƙa'ida a 1669: muddin ba a birkita wuri ba, shimfiɗar ƙasan da ke ƙarƙashi ta girmi wadda ke samanta. Da wannan ƙa'ida ake karanta tarihin rayuwa a doron ƙasa.

2.0 Mene ne Burbushin Halitta?

Idan dabba ta mutu, yawanci ruɓewa take yi. Amma in laka ko yashi suka binne ta da wuri, ruwan ƙasa yakan ratsa ƙasusuwanta, ya bar ma'adinai a ƙofofinsu, har su zama dutse. Wannan shi ne burbushi. Ba kowace ƙasa ke adana shi ba. Ƙasar kurmi irin ta kudancin Afirka ta Tsakiya tana da tsami da laima, tana cinye ƙashi, don haka sai mu dubi maƙwabta.

3.0 Shaida daga Chadi

A ranar 19 ga Yuli, 2001, Ahounta Djimdoumalbaye, ɗan Chadi da ke aiki da tawagar Michel Brunet na Jami'ar Poitiers, ya tsinci wata ƙwaryar kai a Toros-Menalla cikin hamadar Jurab. Aka raɗa mata suna Tumai, wato begen rayuwa da harshen Gorane. A wurin an sami ƙasusuwan kifi da kada da dorina, alamar cewa hamadar yau bakin tafki ce a da. Awon sinadarin beriliyom da ke cikin shimfiɗar, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna shekara kimanin miliyan 7.

Girman ƙwaƙwalwar Tumai kusan na birin cimfanzi ne, bai kai sulusin namu ba. Amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da laka ke fita daga ƙwaryar kai ya matso gaba, kamar na mai tafiya da ƙafa biyu. Irin wannan gaurayen siffofi shi masana ke kafa hujja da shi cewa jinsunan halittu suna sauyawa sannu a hankali.

4.0 Gyaran Fahimta

Ɗalibai kan tambaya: “Malam, wato biri ne ya haifi mutum?” Ba haka masana suka ce ba. Abin da suka ce shi ne, mutum da cimfanzi sun yi tarayya a kaka ɗaya mai nisa, daga baya kowane ya bi reshensa. Kuma a kan Tumai kansa akwai saɓani: nazarin ƙashin cinya da aka buga a 2022 ya goyi bayan tafiya da ƙafa biyu, wasu masana kuwa sun musa.

5.0 Kammalawa

Ɗalibi ya riƙe tambayoyi uku game da kowane burbushi: a wace shimfiɗa aka same shi, yaya aka auna shekarunta, kuma wace siffa ya nuna? Wanda ya iya waɗannan ya san inda hujja take da ƙarfi da inda take da rauni.