Jikwoyi: Abin Da Launin Ƙasar Fadama Ke Faɗa Wa Manomi Da Magini

Garin Jikwoyi, wanda ke kan hanyar da ta tashi daga Karu zuwa Karshi a cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, ƙauyen manoma ne kafin a mayar da hedikwatar Gwamnatin Tarayya daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991. Tun daga wannan lokaci ma'aikata da 'yan kasuwa ke ta kwarara zuwa unguwannin da ke gefen birnin, har gine-gine suka cinye tudu suka gangaro zuwa bakin rafuka, inda a da ba a san komai ba sai shinkafa da rake da kayan lambu. Wannan ya sa fili guda ya zama abin nema ga mutum biyu, wato manomi da mai son gina gida, kuma dukansu biyu ribarsu ko asararsu ta dogara ne ga abin da ke ƙarƙashin ƙasar.

Damina a yankin Abuja takan kama daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ruwan sama kuma yakan wuce milimita 1,000 a shekara. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu da tuddai sai ya gangara ya taru a kwari, ya cika ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa har iska ta rasa wurin shiga. Irin wannan ƙasa ita ce masana ke kira ƙasa mai riƙe ruwa, manoma kuwa sun daɗe da raɗa mata suna fadama, suna bambanta ta da tudu da jigawa da fako.

Hanyar da masana ke bi wajen gane ta ita ce haƙa rami mai zurfin kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kankare gefe guda, a karanta shimfiɗun ƙasar daga sama zuwa ƙasa. Shimfiɗar farko, wadda ake yi wa alama da harafin A, baƙa ce ko mai duhu, domin ganyaye da saiwoyi ba sa saurin ruɓewa inda iska ta yi ƙaranci. Ta biyu, wato B, yawanci laka ce ko yumɓu mai ɗigo-ɗigon ja da rawaya a kan launin toka. Ta uku, wato C, takan kasance toka zalla, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi, kuma tana iya yin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Dalilin waɗannan launuka shi ne sinadarin ƙarfe. Jan launin da ake gani a ƙasar tudu tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya kwanta, ƙananan halittun da ido ba ya gani sukan cinye iskar da ta rage, ƙarfen ya narke ya bi ruwa, ƙasar ta koma toka. Inda iska ke komawa da rani, kamar bakin tsaga ko hanyar saiwa, sai tsatsar ta sake fitowa ɗigo-ɗigo. Saboda haka zurfin da aka fara ganin toka da ɗigo shi ne shaidar inda ruwa ke kaiwa da damina, ko da an haƙa ramin a tsakiyar watan Maris lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas.

Wajen rarrabewa, tsarin da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ke amfani da shi ya kasa ƙasa aji bakwai bisa ga saurin tsanewarta, daga wadda ruwa ke zurarewa nan take har zuwa wadda ke jiƙe kusan duk shekara. Akwai kuma tsarin duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a shekarar 1998. A cikinsa ƙasar da ruwan ƙarƙashi ke tasowa ya jiƙa ta kusa da sama ana kiranta Gilesol, wadda rafi ya shimfiɗa da yashi da laka bi-da-bi ita ce Fulubisol, mai marmara a ciki kuma Filintosol. Wannan ta ƙarshe tana da hatsari nata, domin marmarar tana da taushi muddin tana jiƙe, amma idan aka tone ta ta yi ta jiƙa da bushewa sai ta taurare kamar dutse, ba ta sake komawa yadda take.

Bugu da ƙari, akwai bambanci tsakanin ruwan da ke tasowa daga ƙasa da wanda ya maƙale a kan wata shimfiɗa mai tauri ya kasa nutsewa. Na biyun ana iya maganinsa da kunya mai tsayi da lambatu marar zurfi. Na farkon kuwa sai an sami inda za a karkatar da ruwan, abin da ke da wuya a cikin kwari.

Ga manomi, wannan sani kuɗi ne. Masara da doya da rogo ba sa jure ruwa a gindinsu, amma shinkafa da rake da gwaza suna bunƙasa a wurin. Takin zamani irin yuriya da aka watsa a ƙasar da ruwa ya kwanta, wani sashe nasa yakan koma iska ya tashi, kuma yawan narkakken ƙarfe na iya sa ganyen shinkafa ya yi ja-ja, amfanin ya ragu. Da rani kuwa, kusancin ruwa shi ne arzikin fadama, domin da ƙaramar rijiya da injin ban ruwa ana samun alayyafo da tumatir da tattasai a kai kasuwannin Karu da Nyanya. Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya da Bankin Duniya suka ƙaddamar da shirin bunƙasa fadama a farkon shekarun 1990, wanda zangonsa na uku ya game dukan jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya.

Ga magini kuwa lissafin ya sha bamban. Fulotin da ke fadama yakan fi araha, amma rangwamen yakan ƙare a harsashin gini, domin laka mai jiƙa ba ta ɗaukar nauyi kamar ƙasar tudu, sai an ƙara ciko da kankare da rodi. Danshi yakan hau bango ya ɓata filasta da fenti, ramin shadda ya cika ya ƙi tsanewa, ƙazantarsa kuma ta iya gurɓata rijiyar maƙwabta. Haka nan duk fadamar da aka cike da gini, ruwan da take riƙewa dole ya nemi wata hanya, galibi ta cikin gidajen da ke ƙasa da ita.

Nijeriya ba ta rasa masana a wannan fanni ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta daɗe tana nazarin ƙasar arewa, kuma a shekarar 2017 aka kafa Cibiyar Kimiyyar Ƙasa ta Nijeriya bisa doka. Abin da ya rage shi ne mai sayen fili ya nemi shawararsu, ko aƙalla ya sa a haƙa rami ya duba kafin ya biya kuɗi. Ladan mai haƙa na yini guda bai kai kuɗin buhunan siminti kaɗan ba, kuma idan toka da ɗigo suka bayyana kafin a kai rabin mita, filin ya fi dacewa da shinkafa da lambu fiye da ɗakin kwana.