Tseren Paris-Dakar: yadda ƴan sha'awa suka riƙa shirya mota don hanyoyinmu

Duk wanda ya haura shekaru arba'in a Agadas ko Yamai, ba sai mun ba shi labarin tseren Paris-Dakar ba. Watan Janairu na kamawa, ana cikin sanyi da hazo, sai motoci da babura su turnuƙe gari da ƙura. Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, akasarin masu tseren ba direbobin kamfani ba ne. Ƴan sha'awa ne: mai gareji, likita, ko ɗan kasuwa kamar ku, ya tara kuɗinsa ya gyara motarsa.

A karon farko, ran 26 ga Disamba 1978, ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka biyo ta Aljeriya, Agadas, Yamai da Bamako. Guda 74 kacal suka ga Dakar. A cikinsu akwai wa da ƙane, Claude da Bernard Marreau, da ƴar ƙaramar Renault 4, wadda muke kira katirel. Ita ta zo ta biyar, ta bar manyan motoci a baya. A 1982 kuma suka lashe tseren da Renault 20. Asirinsu bai wuce sanin hanya da shirya mota daidai da ita ba.

A nan ne zancen ya shafi masu kai kaya Jibiya, Illela ko Maigatari, domin rairayi da burji duk ɗaya ne ga ɗan tsere da ɗan kasuwa.

Mu fara da iskar taya. Bisa kwalta ana sa kilo biyu da ƴan kai, amma in za a shiga rairayi ɗan tsere kan rage ta zuwa wajen kilo ɗaya, taya ta baje kamar tafin raƙumi, mota ta daina nutsewa. Direbobinmu sun san wannan. Inda ake samun matsala shi ne bayan an fito. Taya maras iska in ta hau kwalta da gudu zafi take yi har ta fashe, ballantana motar da aka labta wa buhunan wake ko albasa. Shi ya sa ɗan tsere ba ya rabuwa da famfo. Mai lodi kuwa bai kamata ya rage iska kamar mai mota wayam ba.

Sai gargadar burji, wadda ke jere kamar kwanon rufi. A hankali, sai ta kwance duk wani noti na mota. In an kai kilomita 70 zuwa 80 a awa girgizar na lafawa, to amma a lokacin taya ba ta riƙe ƙasa sosai, birki da sitiyari sun rage aiki. Kwana ɗaya ko saniya ɗaya ta isa a yi asarar rai da dukiya. Shokozoba ma man cikinta zafi yake ya tsinke, don haka wasu ƴan tsere ke ɗaura biyu a kowace ƙafa. Ƙarƙashin inji su sa farantin ƙarfe saboda dutse, matatar iska kuma kowane dare sai an kakkaɓe ta, don ƙura in ta shige inji ita ke cinye shi.

Tseren dai ya bar mu. A 2000 an kwashe motocin da jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke shi, daga 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Ba kowa ya yi kewarsa ba, domin a ƙasashen da ya ratsa an kaɗe mutane, har da yara, kuma motar da ta lalace mai ita kan hau jirgi ya koma gida. Ku kuwa in taya ta fashe tsakanin Dan Isa da Jibiya, tumatir ba ya jiran bakanike.