Zakara Ne Ko Sagara?

Malamai da akawuna masu sayen 'yan tsaki a kasuwannin Talata Mafara da Bakura da Maradun sukan ciyar da su wata 4 suna sa ran ƙwai, sai su ji cara. Dawa ta tafi a banza ke nan.

Shawararmu, kada a saya sai tsako ya kai mako 6. Sa'an nan zankon namiji ya fara ja, ƙafafunsa sun yi kauri. Na tamata kuwa ƙarami ne, fari-fari, har ta kusa soma ƙwai.

Amma a gwada iri da irinsa. Durgu gajerun ƙafafu gare shi, ShikaBrown ta Zariya kuwa ta fi kazar gida girma. Wanda ya jera sagararta da tsakon gida, sai ya ɗauke ta zakara.