Kafin A Yar Da Tsohuwar Amfilifaya

A gidaje da dama na Maiduguri, daga Gwange zuwa Hausari da Bulumkutu, akwai tsofaffin amfilifaya ƙirar Japan, irin su Sansui da Pioneer da Kenwood, waɗanda aka saya tun zamanin kuɗin Udoji a 1975. Wasu ma gadonsu aka yi daga iyaye. To, ana cikin sauraro sai lasifika ta ɗauki ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen kara, har maigida ya gaji ya miƙa wa 'yan gwangwan, alhali kuwa sau da yawa ciwon bai kai nan ba.

Abin da ya fi kawo wannan ƙara shi ne ƙura da tsatsa. Ƙurar hunturu takan shiga cikin makunnin ƙara murya ta zauna, zafin bazara kuma, wanda kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, yakan busar da kafasita, ya tsattsage dalmar da aka like kayan ciki da ita. Bugu da ƙari, a 2021 da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya yi watanni yana dogara ga janareta, wanda wutarsa ke hawa da sauka. Sa'an nan ga ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, wadda ta bar laka da danshi cikin kayan mutane.

Mai son gane inda ciwon yake sai ya bi sannu a hankali. Da farko ya murɗa makunnin murya yana saurare. Idan sai an taɓa shi ƙarar ke tashi, to datti ne kawai. Na biyu, ya kashe amfilifayar, ya musanya wayoyin lasifikar dama da na hagu. Idan ƙarar ta bi lasifika guda duk inda aka kai ta, laifin nata ne ko na wayarta. Idan kuwa ta koma ɗaya lasifikar, to ciwon yana cikin akwatin. Na uku, ya zare wayar kaset ko rediyo, ya rage murya gaba ɗaya. Ƙarar da ta ɗauke daga nan, ta hanyar shigar sauti take zuwa. Wadda ta ci gaba kuwa, daga sashen da ke tura ƙarfi ga lasifika take.

Maganin datti ba shi da wuya. A cire filogi daga bango, a buɗe murfi, a share ƙura da busasshen buroshi mai laushi. Sai a fesa maganin wanke kayan lantarki, wanda masu sayar da kayan rediyo suka sani, ta 'yar kafar da ke bayan makunnin, a murɗa shi dama da hagu kamar sau talatin, a bar shi ya bushe. Haka za a yi wa sauran makunnai da ramukan waya. Kada a kuskura a sa kananzir ko baƙin mai, domin sai sun ƙara tara ƙura.

Amma fa a yi hattara. Manyan kafasita sukan riƙe wuta ko bayan an cire filogi, saboda haka kada a kai musu hannu, kada kuma a bar yara kusa. Idan ƙarar tana fashewa kamar harbin bindiga, ko kuwa sai akwatin ya ɗumama take farawa, a kashe nan take, don tana iya ƙona lasifika. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne: zai sake narka dalmar da ta tsage, ya canja kafasita, ya duba taransista irin 2SC458 ta kamfanin Hitachi, wadda ta yi suna wajen kawo wannan ƙara idan ta tsufa. A tambaye shi abin da ya canja, a kuma karɓi tsohon.

Daga nan sai kiyayewa: a rufe ta da ƙyalle idan an kashe, a buɗe idan za a kunna, a kuma haɗa ta da sitabilaiza. Jama'a, kada a raina kayan da don ƙura ta taɓa su. Da tsohuwar zuma ake magani.